Ulli Beier: uban adabin Najeriya ne, ko baƙon da ya wuce gona da iri?

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe a sashen Turanci da nazarin adabi. A darasin tarihin adabin Afirka an kawo mana sunan wani Bajamushe, Ulli Beier. Wani malaminmu ya ce ba don shi ba da duniya ba ta san su Soyinka da Okigbo da masu zanen Oshogbo ba. Wani malamin kuma ya ce mayaudari ne, ya rubuta wasan kwaikwayo da sunan Bayarabe, kuma da kuɗin 'yan leƙen asirin Amurka ya yi aiki. Don Allah wane ne mutumin nan, kuma maganar wa za mu kama?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin, Allah ya sa a gama lafiya. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: me mutumin ya aikata, sannan da wane ma'auni za a auna shi tunda malamanka sun saɓa. Kowannensu yana da abin da ya riƙa. Na farkon ya yi ƙari, domin Wole Soyinka da Christopher Okigbo ba su jira Bature ba kafin su zama marubuta. Na biyun kuwa duk abin da ya faɗa ya faru, sai dai a tsakiyar labari ya tsaya. Ni abin da na tsaya a kai, bayan shekarun da na yi ina koyar da wannan zango na tarihin adabi, shi ne Beier ungozoma ne, ba uba ba. Cikin ba nasa ba ne, amma shi ya gyara ɗaki ya dafa ruwa lokacin da naƙuda ta zo. Babban laifinsa ma daga nan ya fito: da ya ga wata haihuwar ta yi masa jinkiri, sai ya ɗauko nasa ɗan ya ce na gidan ne.

Daga ina ya fito

An haifi Horst Ulrich Beier ranar 30 ga Yuli, 1922, a wani ƙaramin gari da ake kira Glowitz, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yanzu kuma yana cikin Folan. Mahaifinsa likita ne Bayahude. Da 'yan Nazi suka hau mulki aka hana shi aiki, sai iyalin suka yi hijira zuwa Falasɗinu. A can Ulli ya yi digirinsa na farko na Jami'ar Landan ba tare da ya zauna a cikinta ba, daga baya ya tafi Landan ɗin ya karanta ilimin furuci. A 1950 ya sauka Badun, wato Ibadan, tare da matarsa Susanne Wenger, mai zane 'yar ƙasar Ostiriya, don ya koyar a Kwalejin Jami'a ta Ibadan wadda aka buɗe shekara biyu kafin nan.

Ka riƙe wannan asalin, domin shi ya bambanta shi da sauran Turawan da ke ƙasar. Ba Baturen mulki ba ne. Mutum ne da Turai ta kora, wanda ya ga da idonsa abin da masu taƙama da wayewa suka aikata. Saboda haka da aka ba shi aikin gyara wa 'yan Najeriya lafazinsu har ya yi kama da na mutanen Ingila, bai daɗe ba ya ji aikin ya gundure shi. Ya koma sashen karatun manya na wajen jami'a, wanda malamansa ke bin garuruwa suna koyar da malaman makaranta da akawuna da yamma. Ya bar gidajen Turawa na harabar jami'a ya tare a Ede, daga nan Ilobu, sannan Oshogbo a 1958. A Ede ya yi abota da sarkin garin, Timi Adetoyese Laoye, gwanin kiɗan dundun, gangar Yarbawa mai magana 'yar'uwar kalangunmu. A fadar wannan sarki da wajen makaɗa da masu kirari ya yi karatun da ya amfane shi. A tsakiyar shekarun 1950 shi da masanin tarihi Saburi Biobaku suka fara fitar da mujallar Odu don nazarin al'adun Yarbawa.

Mujalla da zauren haɗuwa

Kafin mu ba shi nasa, bari mu cire abin da ba nasa ba. D. O. Fagunwa ya fitar da littafinsa na farko da Yarbanci tun 1938. Hubert Ogunde yana yawo da ƙungiyar wasan kwaikwayonsa tun shekarun 1940. An buga Amos Tutuola a Landan a 1952, Cyprian Ekwensi a 1954, Chinua Achebe a 1958, ba ta hannun Beier ba. A jami'ar kanta, J. P. Clark yana ɗalibi ya kafa 'yar mujallar waƙoƙi mai suna The Horn. Mu nan Arewa kuwa ƙagaggun labaranmu na farko sun fito tun shekarun 1930, rubutacciyar waƙa kuma ta ajami ta girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba. Duk wanda ya kira Beier uban adabin Najeriya ya zalunci waɗannan mutane.

To me ya rasa da shi ya kawo? Wurin bugawa a gida, da wurin haɗuwa. A lokacin, marubucin da ke rubutu da Turanci sai ya aika aikinsa Landan ya jira wani edita da bai taɓa ganin Afirka ba ya yanke masa hukunci. A 1956 Beier ya halarci taron marubuta da masu fasaha baƙar fata na farko a birnin Faris, wanda Alioune Diop da mujallarsa Présence Africaine suka shirya. Ya ga yadda masu rubutu da Faransanci suke da mujallarsu da muhawararsu, ya dawo da niyyar yin irinta da Turanci. A 1957 Black Orpheus ta fito a Badun, shi da wani Bajamushen, Janheinz Jahn, suna editoci, Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Yamma tana ɗaukar nauyin bugu. Daga baya Ezekiel Mphahlele, ɗan Afirka ta Kudu mai gudun hijira, da Soyinka suka shigo aikin editan.

Abin da ya fi burge ni a wannan mujalla shi ne katangar da ta rusa. Yaron da ya gama sakandare a Badun ya haddace mawaƙan Ingila, amma bai taɓa jin sunan Léopold Senghor na Senegal ko Aimé Césaire na Martinik ba, don kawai su Faransa ce ta mulke su. Mu Hausawa mun san ciwon wannan katanga fiye da kowa: ɗan boko na Katsina da ɗan boko na Maraɗi, ga harshen uwa ɗaya, amma littattafan da suka karanta ba su taɓa haɗuwa ba. Black Orpheus ta fassara waɗancan mawaƙa zuwa Turanci, ta jera su da marubutan tsibiran Karibiyan da baƙaƙen Amurka, ta sa sababbin 'yan gida irin su Gabriel Okara a gefensu, ta kawo fassarar waƙoƙin baka na Yarbawa, sannan ta riƙa buga hotunan zane da sharhi a kansu. Mai karatu ya fara ganin cewa abin da yake yi a ɗakinsa ɓangare ne na wani babban aiki. A 1963 kuma shi da Gerald Moore suka tattara waƙoƙin Afirka na zamani a littafi guda mai suna Modern Poetry from Africa, wanda kamfanin Penguin ya buga da araha, ya shiga makarantu a ko'ina.

A 1961 aka buɗe zauren marubuta da masu fasaha mai suna Mbari a unguwar Dugbe ta Badun, a bayan wani gidan abinci na 'yan Labanan. Beier, Soyinka, Okigbo, Clark, Mphahlele, da masu zane Demas Nwoko da Uche Okeke duk suna ciki, Achebe ne kuma ya ba da sunan. Tsakar gida ce kawai da ɗakin karatu da bangon rataye zane, amma dubi abin da ya fita daga cikinta cikin shekara uku: wasan Clark mai suna Song of a Goat, littafin waƙoƙin Okigbo na farko Heavensgate a 1962, labarin Alex La Guma A Walk in the Night a 1962, da waƙoƙin Dennis Brutus a 1963. Waɗannan biyun na ƙarshe gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta musu bugawa a ƙasarsu, Badun ce ta fitar da muryarsu. A wannan bangon aka baje zanen Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda ke sarrafa haruffan Larabci irin na allo su zama siffofi, da na Malangatana na Mozambik, da na Jacob Lawrence, baƙar fata ɗan Amurka. Aikin Beier a nan shi ne wanda marubuta ba sa son yi: neman kuɗi, rubuta wasiƙu, zaryar maɗaba'a, gyaran kurakuran bugu, ɗaukar kwalaye. Duk wanda ya taɓa fitar da mujalla ko da fitowa ɗaya ya san cewa a wannan aikin ne mujallu ke mutuwa, ba a rashin marubuta ba.

Oshogbo

Duro Ladipo, malamin makaranta mai haɗa waƙa, ya ga Mbari ta Badun ya ce yana son irinta a garinsu. A 1962 aka buɗe Mbari Mbayo a gidan mahaifinsa, inda da yake da mashaya. A nan ya shirya Oba Koso, wasan kwaikwayo na kiɗa da waƙa da Yarbanci a kan Shango, sarkin Oyo na dā wanda masu addinin gargajiya suka mayar abin bauta. Wasan ya je bikin Barlin a 1964, ya je bikin fasaha na ƙasashen renon Ingila a 1965. Beier ne ya fassara shi, ya nemo masa hanyar fita waje.

A wannan gida aka riƙa yin bitar koyon zane ta 'yan kwanaki. Denis Williams, ɗan ƙasar Guyana, ya fara, daga nan Jacob Afolabi da Rufus Ogundele suka fito. Wadda ta fi shahara ita ce ta 1964 da Georgina Betts ta gudanar, Baturiyar Ingila wadda ta fara zama a Zariya a 1959 kafin ta koma Oshogbo, daga baya ta zama matar Beier ta biyu. Hanyarta mai sauƙi ce: a ba mutum takarda da fenti, kada a nuna masa zanen Turai, kada a koya masa ƙa'idar nesa da kusa, a zuba ido a ga abin da hannunsa ke so, sannan a ƙarfafa shi a kai. Waɗanda suka zo ba 'yan jami'a ba ne. Yawancinsu 'yan wasan Duro Ladipo ne. Jimoh Buraimoh shi ke haɗa wa ƙungiyar wutar lantarki. Ya kalli kambin sarakunan Yarbawa da ake yi da duwatsun ado, sai ya fara jera duwatsun a zare yana manna su a katako su zama hoto. Muraina Oyelami makaɗi ne kuma ɗan wasa. Twins Seven-Seven, wanda ya samo sunansa daga kasancewarsa shi kaɗai ya rayu cikin tagwayen da mahaifiyarsa ta haifa har sau bakwai, rawa yake yi wa masu tallar magani. Ya shigo wani biki a Mbari Mbayo ya yi rawar da ta sa Beier ya roƙe shi ya zauna. Zanensa cike yake da dodanni da aljanu, kowane taƙi an cike shi da ƙananan layuka kamar zanen ƙwarya. A 2005 hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Asiru Olatunde. Ɗan gidan maƙera ne, rashin lafiya ta hana shi ɗaga babbar guduma. Ya koma ƙera 'yan kunne na tagulla masu siffar dabbobi. Beier da Wenger suka gani suka ba shi shawarar ya gwada babba. Sai ya riƙa shimfiɗa farantin alminiyon yana bugunsa ta baya da 'yar guduma da tsinken ƙarfe, siffofin mutane da itatuwa da dabbobi suna tasowa ta gaba. Hannun na maƙeri ne, gadon gidansu ne, ba wanda ya koya masa. Abin da baƙon ya kawo shi ne farantin, da mai saye.

Wenger kuwa hanyarta daban ce. Bayan sun rabu da Beier ta zauna a Oshogbo, ta shiga addinin gargajiyar Yarbawa gaba ɗaya, ita da magina irin su Adebisi Akanji suka sake gina wuraren bautar kurmin Oshun, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005. A garin ta rasu a 2009. Mu musulmi ba ma tare da wannan aƙida, kuma da yawa daga mutanen Oshogbo, musulmi da kirista, ba su kasance tare da ita ba. Na ambace ta ne don mutane kan cakuɗa aikinta da na Beier, alhali ita bauta ta sa a gaba, shi kuma fasaha da kasuwarta.

Sukar da aka yi wa Oshogbo tana da nauyi, kuma daga masu zanen da suka yi karatu ta fi fitowa. Ka tuna a 1958 ɗaliban zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiyarsu suna cewa za su ƙware a dabarun zamani sannan su haɗa su da gadon gida. Irin waɗannan suka wayi gari Turawan ofisoshin jakadanci suna rububin zanen wanda bai yi makaranta ba, suna cewa wannan ne ainihin Afirka. A ƙarƙashin yabon akwai raini: wai ɗan Afirka idan ya yi karatu fasaharsa ta lalace. Kuma tunda masu sayen baƙi ne, masu son dodanni da gumaka, sai almajiran da suka biyo baya suka yi ta maimaita dodanni don su ake saye. Adalcin da zan yi wa Beier shi ne bai juya wa 'yan makaranta baya ba. Ya baje zanen Okeke da Nwoko, ya yi rubutu a kansu. Amma hasken da ya fi haskawa a Oshogbo ya faɗa, kuma ɗanɗanonsa ne ya zaɓi wanda za a haska. Irin wannan muhawara tana nan a labarin Ladi Kwali da Michael Cardew a cibiyar tukwane ta Abuja ta dā, wato Suleja: ta iya ginin tukunya tun kafin ta gan shi, shi ya kawo murhun zamani da hanyar Landan.

Maganar Obotunde Ijimere

A 1966 kamfanin Heinemann ya buga The Imprisonment of Obatala da wasu wasanni, da sunan Obotunde Ijimere, aka ce Ulli Beier ne ya mayar da su Turanci. Har da ɗan tarihin marubucin aka sa. Babu wani Ijimere. Beier ne. A mujallar ma yakan yi sharhi da sunaye irin su Sangodare Akanji da Omidiji Aragbabalu. Masanin adabi Oyekan Owomoyela yana cikin waɗanda suka yi rubutu suka tona maganar a fili.

Masu kare shi suna cewa wasannin Turanci sun yi ƙaranci a lokacin, 'yan wasa suna neman abin da za su yi, yana so ya nuna wa matasa cewa ana iya gina wasa a kan labaran gargajiya. Sunayen sharhin kuma wai don kada a ga sunan mutum ɗaya ya cika mujalla. Na ji wannan uzuri, ban karɓe shi ba. Sunan aro ba laifi ba ne a adabi, marubuta da yawa sun yi. Amma akwai bambanci tsakanin ɓoye sunanka da aron asalin wasu. Wanda ya ɗauki littafin Ijimere ya ɗauka Bayarabe ne ke ba shi labarin yadda mutanensa suke kallon ƙaddara da abin bautarsu. An karantar da littafin a makarantu a kan haka, manazarta sun kafa hujja da shi a kan haka. Sharhin da aka sa wa sunan Akanji kuwa ya fi muni a wurina, domin hukuncin Bature ne a kan marubutan Afirka aka sa masa rigar ɗan gida, ta yadda ba wanda zai ce masa kai baƙo ne, ba ka gane ba.

Kwatanta shi da namu Baturen, Rupert East. Shi ya shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Hannunsa ya shiga aikin sosai, har shi ya tara wa Abubakar Imam littattafan labaran Larabawa da Indiya da Turai da aka sarrafa a Magana Jari Ce. Kuma shi ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, abin da Beier bai zama ba. Amma da ya sa hannu a rubuta Jiki Magayi, sai aka buga sunansa tare da na John Tafida. Mai karatu ya san da wa yake magana. Wannan ɗan abin shi Beier ya hana masu karatunsa.

Ina gyara wa matasa rubutu, ina kuma zama da su a bita, don haka na san ƙaiƙayin da ke kama hannun edita. Yarinya za ta kawo labarin wata mai ƙosai da mijinta ya yi tafiya bai dawo ba, ka karanta ka ga sarai inda ya kamata labarin ya tsaya, ka ga jimlar da za ta rufe shi, ita kuma ta zarce da shafi uku na wa'azi. Jimlar tana bakin alƙalaminka. Ƙa'idar da nake bi ita ce fensir da tambaya: in ja layi a gefe in rubuta, "Me ya sa ba ki tsaya a nan ba?" Idan ta tsaya, nata ne. Idan na rubuta mata, labarin zai fi kyau yau, amma ba ta koyi komai ba, kuma abin da za a yaba ba ita ba ce. Duk da wannan taka-tsantsan, idan ka tattara labaran 'yan bita ɗaya za ka ji ƙanshin malaminsu a ciki, domin ɗalibi yana lura da abin da ke sa fuskar malam ta saki. To ka auna mutumin da shi ne malamin, shi ne editan, shi ne mai sharhin, shi ne kuma ya san mai saye. Ko bai ari sunan kowa ba, nauyinsa ya isa ya lanƙwasa abin da ke tsirowa.

Akwai inda zan tsaya. Ni Bahaushe ne, ta fassarar Turanci nake karanta waƙoƙin Yarbawa. Beier ya yi fassararsa ne tare da masu harshen, musamman Bakare Gbadamosi wanda suka fitar da tarin waƙoƙin Yarbawa tare a 1959. Hukunci a kan ko fassarar ta riƙe amanar asali na Yarbawa ne, su za ka tambaya.

Kuɗin Amurka

Gaskiya ne. Mbari da Black Orpheus sun sami tallafi daga wata ƙungiya mai suna Congress for Cultural Freedom, mai hedikwata a Faris, wadda Mphahlele ya shugabanci sashenta na Afirka. Ita ce kuma ta tallafi mujallar Transition ta Kampala da taron marubuta na Makerere da ke Yuganda a 1962. A 1966 da 1967 jaridun Amurka suka tona cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ce ke zuba mata kuɗi ta bayan gida, don jan 'yan boko daga ɓangaren Tarayyar Sobiyet a zamanin yaƙin cacar baka.

Hanyar auna wannan ita ce ka duba abin da aka buga. Alex La Guma ɗan jam'iyyar kwaminis ne, a Kyuba ma ya rasu a 1985 yana wakiltar ANC, ƙungiyar da ta yaƙi wariyar launin fata a ƙasarsu, kuma Mbari ce ta buga littafinsa na farko. Wanda ake juyawa kamar waina ba zai yi haka ba. Amma kada wannan ya sa ka ce kuɗin ba su yi komai ba. Kuɗi ba sai sun hana ka magana ba, ya isa su zaɓi wanda za a ba lasifika. Taron Makerere na marubuta da Turanci ne kawai. Fagunwa yana raye, Abubakar Imam yana raye, Aƙilu Aliyu yana tsakar waƙa, amma ma'anar marubucin Afirka da aka zana a wurin ba ta ɗauke su ba. Shi ya sa masanin adabi ɗan Najeriya Obi Wali ya yi rubutunsa na 1963 yana cewa adabin Afirka da harshen Turawa hanya ce marar ɓullewa. Wannan ce asarar da ta shafe mu kai tsaye, kuma ba ta Beier kaɗai ba ce. Shi aƙalla ya tsaya wa wasan Yarbanci na Duro Ladipo.

Bayan Najeriya

Ya bar ƙasar a ƙarshen 1966, ana dab da yaƙin basasa wanda ya ci Okigbo a 1967 ya kuma kai Soyinka kurkuku. Clark da Abiola Irele suka karɓi mujallar Black Orpheus. Beier da Georgina suka tafi Papuwa Niyu Gini, ya koyar a sabuwar jami'arsu, ya kafa mujallar Kovave, ya ɗauki maganar wani ɗan siyasar ƙasar, Albert Maori Kiki, a rikoda ta zama littafin tarihin rayuwarsa a 1968, ɗalibinsa Vincent Eri kuma ya fitar da The Crocodile a 1970. Ganin abin ya sake faruwa a wata duniyar daban yana nuna maka cewa ba sa'a ce ya taka a Badun ba, hanya ce yake da ita. A can ma an yi masa irin sukar da aka yi a nan, ta yawan sa hannu. Ya dawo ya shugabanci cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Ife daga 1971 zuwa 1974, ya koma Papuwa, sannan a 1981 ya kafa gidan fasaha na Iwalewa a Jami'ar Bayreuth ta Jamus. Ya rasu a Sidni ta Ostireliya ranar 3 ga Afrilu, 2011, yana da shekara 88. Wani ɓangare na takardunsa da hotunansa yana Oshogbo, a cibiyar al'adun baƙar fata da aka buɗe a 2009.

Akwai wani aikinsa da ba a cika ambata ba, wanda nake so kai ɗalibin adabi daga Arewa ka sani. A shekarun 1960, lokacin da 'yan jami'a ke yi wa ƙananan littattafan kasuwar Onica dariya, labaran soyayya da nasiha da ake bugawa da araha a sayar a rumfa, Beier ya saye su, ya karanta, ya yi musu sharhi a Black Orpheus a matsayin adabi. Haka ya ɗauki masu zanen allon shagon aski da na jikin manyan motoci a matsayin masu fasaha. Shekaru bayan haka, da littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka cika kasuwannin Kano, sai ga mu muna irin wannan gardama a jaridu, su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suna kai da komo a kan ko adabi ne ko shirme. Waɗannan marubuta ba su da East, ba su da Beier, ba su da tallafi daga Faris. Da kuɗin aljihunsu suka buga, suka kafa ƙungiyoyinsu irin su Raina Kama, matan aure da 'yan mata kuma suka saya suka ara wa juna. Idan kana neman batun kundin digirinka, jera waɗannan hanyoyi uku, ta hukumar gwamnati a Zariya, ta zauren Mbari a Badun, da ta kasuwa a Kano, ka bincika a kowace wane ne ya biya kuɗin bugu, wane ne ya gyara rubutun, wane ne kuma ya karanta.